Ranar da Muka Sauke Reshen Tsamiyar Zango

Tun da injin yankan itace ya shigo Damagaram, duk saurayin da ya iya tayar da shi sai ya ɗauka ya zama mai sana'a. Ina zaune bakin rumfata a Zango nakan ga irinku kuna wucewa bisa kabu-kabu, inji a cinya, galan ɗin esansi, wato fetur, a hannu, kuna sauri kamar itacen zai gudu. Ba na ƙin inji. Abokin aikina Lawali da shi yake aiki, kuma abin da muke wuni muna sara a da, yanzu kafin shayi ya nuna ya gama shi. Amma yankan shi ne ƙaramin abu a aikinmu. Babban abu shi ne ka san inda reshe zai faɗi, da abin da ke ƙarƙashinsa, da inda kai kanka kake tsaye lokacin da zai rabu da uwarsa.

Sunana Mutari, a Zango kuma in ka ce Mutari mai gatari za a nuna maka gida. A Mirriya aka haife ni, wurin ƙanin mahaifiyata, Kawu Bura, na koyi hawan itace da datse shi. Mu ba masu saran itacen wuta ba ne, ba kuma masassaƙa ba. Mu ake kira in reshe ya hau kan ɗaki, ko saiwa ta fara tsaga katanga, ko itace ya tsufa ya karkata zuwa gidan maƙwabci. Sau da yawa ma ba kayarwa muke yi ba, rage masa nauyi muke yi don ya ci gaba da rayuwa.

Aikin farko da na bi Kawu, wani itacen dogon yaro ne a gidan wani mahauci, wanda reshensa ke goga rufin ɗaki in iska ta taso. Na zata hawa zan yi. Kawu ya miƙo min bakin igiya, ya nuna min yadda zan naɗa ta a gindin itacen, ya ce in tsaya nan. Da ya sare reshen, nauyin ya fizgi igiyar ta zuge min tafin hannu, fata ta tashi. Na kusa saki. Ya leƙo daga sama ya ce, "In ka saki igiyar nan, ni ka saki." Ya ci gaba da sara. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, ban taka reshe ba. Aikina igiya, da washi, da kwashe ƙaya daga tsakar gidan mutane.

Kayan aikinmu ba su da yawa a lokacin. Gatari biyu, babba na gindi da ƙarami na sama, wanda ake ratayawa a kafaɗa a hau da shi. Adda ta share ƙananan rassa. Dutsen washi. Sai igiya, wadda ita ce rabin sana'ar. Kafin igiyar roba ta cika kasuwa da ɓawon kuka muke tufka tamu, mu jiƙa shi, mu bubbuge, mu murza a cinya har gashin wurin ya ƙare. Ƙotar gatari kuwa ta aduwa Kawu ke so, mai ƙulli a kai inda za a huda wa ƙarfe, kuma ba ya karɓar wadda aka sassaƙa aka lanƙwasa, sai wadda ta fito da lanƙwasarta daga jikin uwa.

Kowane itace da halinsa ga mai hawa. Tsamiya amintacciya ce, reshenta ko siriri ne zai lanƙwasa da kai, ya yi ƙara, amma da wuya ya karye. Kuka jikinta santsi, cikinta kamar soso, gatari ya shiga ya maƙale ba ko ƙara. Ba a rungumarta, sai dai a kafa turaku a jikinta a taka, kuma turken bara ba a amince masa. Kirya tana cinye kaifin gatari kafin ka kai tsakiyarta, shi ya sa maƙera ke son gawayinta, masassaƙa ke nemanta don turmi. Aduwa ƙayarta doguwa ce koriya, in ta shige ka sai ka yi kwanaki kana jin ta. Dogon yaro baƙo ne a ƙasar nan, saurin girma gare shi, ka datse shi bana baɗi ya mayar, amma saiwarsa tana bin danshi har ƙarƙashin ɗaki. Shi ya fi kowa ba mu aiki a cikin gari.

Gawo shi ne wanda ba a gama saninsa. Duk itatuwa in ruwa ya sauka sai su yi ganye, shi sai ya zubar da nasa ya tsaya kamar matacce. In rani ya yi kowa ya bushe, shi sai ya yi kore shar. Kakata takan ce fushi ya yi da damina tun farkon duniya, wai an shayar da kowa aka manta da shi, ya rantse ba zai ƙara yi mata ado ba. Manoma dai sun san amfanin fushin nasa. Ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, kuma zangarniyar gindin gawo ta fi ta ko'ina cika. Tsofaffi sun ce a zamanin sarakunan da na Damagaram, wanda ya kayar da gawo ba da izini ba da wuyansa zai biya, wanda ya datse reshe da hannunsa. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba, amma na san Kawu bai taɓa ɗora gatari a gindin ɗanyen gawo ba. Ga mai hawa kuma gawo mayaudari ne. Da damina ba ka bambanta reshe mai rai da matacce, tun da duk babu ganye, ƙwaro kuma yakan cinye cikinsa ya bar ɓawo lafiya lau.

Kafin Kawu ya hau kowane babban itace sai ya yi sallama, ya bubbugi gindin da bayan gatari, ya ja da baya ya jira. Wata rana a gindin wata kuka na tambaye shi ko da gaske akwai masu amsawa. Ya ce, "In da mutanen ɓoye a ciki, ka yi musu ladabi. In babu, ka ji ko cikinta rami ne, zuma da maciji kuma sun ji zuwanka. Wanne ka yi asara?" Har yau haka nake yi.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata ita ce ta farin nan da aka yi ina saurayi, wadda ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Abin da ba za ku zata ba shi ne aiki yawa ya yi mana. Ciyawa babu, harawa babu, makiyaya sun gangaro daga arewa da abin da ya rage musu, kuma duk faɗin daji babu abu kore sai gawo. Kowa na son a datso masa ganye dabbarsa ta ci. Kawu yana da ƙa'ida: a ɗauka daga gefe, a bar kan itacen, gobe ma a samu. Amma ba mu kaɗai ke hawa ba. Duk mai barandami ya zama mai sara, suna aske gawo ƙwal su bar kututture tsaye.

Wani manomi a Dakusa, Malam Habu, ya kira mu kan shanun nomansa guda biyu da suka fara kasa tashi. Gawon gonarsa wasu sun riga mu hawa, sun cire rassan sama, saboda haka babu inda Kawu zai rataya igiyar ƙugunsa. Ya dubi shanun, ya dubi itacen, ya ce zai hau haka nan. Tun safe ruwan fura kawai ya sha. Ya sauke rassa da dama, na ja su na tara a gindi. Sai ya taka wani reshe mai kauri, wanda ashe wani ya fara sara ta sama ya bari, saran ba ya ganuwa daga ƙasa. Ƙara ɗaya na ji. Kawu ya zo ƙasa tare da reshen, ya faɗa kan tarin rassan da na tara.

Na iso kansa yana kwance ido rufe, ban san lokacin da na fara kuka ba. Malam Habu yana ta salati. Can sai Kawu ya buɗe ido ya ce, "Mutari, cire min ƙayar nan ta bayana tukuna, kukan ya jira." Tarin ƙayar nan shi ya tare shi daga ƙasa mai tauri. Ƙugunsa ya karye, muka kai shi wurin mai ɗori a amalanke, ya yi watanni a kwance, ya tashi da sanda. Bai sake hawa ba, amma ya rayu har ya ga jikokinsa. Shanun Malam Habu ma sun kai damina.

Bayan farin sai aikin ya mutu. Itatuwan da aka aske da yawa ba su farfaɗo ba, ma'aikatan gandun daji suka tsananta, ba a ba da parmin sara, wato takardar izini, sai da ƙyar, kuma da gaskiyarsu. In ka tsaya a hanyar Dakusa kana hango mai jaki tun yana ɗan ɗigo, babu abin da ya tare ido. Na rataye gatari na koma ban ruwa a lambunan Mirriya, ina ganin sana'ar Kawu ta ƙare a kaina. Sai manoma suka fara wata dabara. In sun zo sassabe ba sa tumɓuke tohon gawo da ya fito a gona, sai su zaɓi mai ƙarfi su bar shi, su cire na gefe. Da itatuwan suka fara tasawa sai aka nemi wanda ya san datsa, don su miƙe sama kada su yi cunkus. Kawu yana zaune a amalanke yana nuni da sandarsa, ni ina yanka. Yau ku bi hanyar nan ku gani, wani wurin ba ka hango gari sai ka shige shi. Akwai gawon da na datsa yana iya ƙuguna, yanzu sai da igiya nake hawansa.

Lawali daga baya muka haɗu, bayan na dawo Zango da zama. Magidanci ne, ya yi shekaru a kudu yana aikin yankan katako, ya dawo gida da injinsa. Ya iya inji kamar hannunsa, amma itatuwan can ba irin namu ba ne, kuma a daji yake kayarwa inda babu ɗakin kowa. Muka haɗa, ni ido da igiya, shi yanka.

Aikin da nake so ku ji shi ne na gidan Hajiya Falmata. Tsohuwa ce, zuriyar fataken da suka zo daga Barno, gidansu na cikin tsofaffin gidajen Zango. A tsakar gidan akwai tsamiya da ta girmi duk ɗakunan. A farkon wata damina iska ta tsaga babban reshenta na ƙasa daga inda ya haɗu da uwa. Bai faɗi ba, ya tsaya a rataye da rabin jikinsa, kaurinsa ya fi turmi, tsawonsa ya ratsa kan ɗakin Hajiya ya haye katanga zuwa madafar maƙwabta, ga wayar kuran, wato lantarki, ta wuce a ƙarƙashin ganyensa.

Ɗanta, Mushe Kyari, malamin lekol ne, wato makarantar boko, shi ya zo ya kira mu da safe. Ya riga ya karɓo parmi daga gandun daji, na kayar da itacen gaba ɗaya. Muka tarar da Hajiya zaune a ƙofar ɗakinta, daidai ƙarƙashin reshen, tana jan carbi.

Mushe ya ce, "Iya, ga masu aikin. Ki taso daga nan, don Allah."

Ta ce, "Aikin me? In kayarwa ne su koma. A gindinta aka raɗa min suna, a gindinta aka raɗa maka."

Ya ce, "Iya, yau reshe ne, gobe ita duka ce. In ta faɗa wa maƙwabta me za mu ce?"

Mutanen unguwa sun cika zaure. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce min in yi hankali, tsamiyar nan tana da masu ita. Wai shekarun baya wani ya ɗora gatari a wannan reshen, bakin gatarin ya ɓalle ya tashi sama, mutumin ya sauko bai waiwaya ba. Na ce masa na ji, na kuma gode.

Na yi sallama, na bubbugi gindin ta kowane gefe. Ƙarar a cike take, babu rami. Na hau na duba tsagar, na ga iyakarta reshen, ba ta shiga uwa ba. Na sauko na ce, "Mushe, tsamiyar nan lafiyarta ƙalau, za ta fi ni da kai daɗewa. Reshen ne kawai zai tafi. Amma yau zai tafi, dubi gabas." Hadari ya fara haɗuwa, baƙi, can ƙasa-ƙasa. Iska ɗaya mai ƙarfi ta isa ta ƙarasa tsagar, kuma ɗakin ƙasa ba zai ɗauki wannan nauyin ba.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, reshen kaɗai?"

Na ce, "Shi kaɗai, Hajiya."

Sai ta miƙa wa ɗanta hannu ya tashe ta. Aka fitar da gadonta da kwanukanta zuwa zaure, maƙwabta suka kwashe tukwanensu, Mushe ya aika aka roƙi masu kuran suka yanke wutar layin.

Irin wannan reshe ba a yanke shi daga gindi. Daga can ƙarshe ake farawa, gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a ɗaure ta tukuna, igiyar ta bi ta kan wani reshe na sama ta sauko, a naɗa ta a gindin itacen, sannan maza su riƙe su saki a hankali. Naɗin nan shi ke ɗaukar nauyin, hannun mutane jagora ne kawai. Abin tsoron shi ne duk gunduwar da ka cire, reshen yana samun sauƙi ya ɗaga, tsagar ta motsa, kai kuwa kana kansa. Lawali ya hau reshen da inji, igiya a ƙugunsa. Ni na zauna a wani reshe sama da shi, bakin igiyar ƙugun nasa a naɗe kusa da ni, ina gaya masa inda zai yanka. A ƙasa Mushe Kyari da mazan unguwa suna kan babbar igiya.

Muka wuce waya, muka wuce katanga, komai na sauka daidai. Iska ta fara kaɗa ganye, sanyinta na taɓa wuya. Saura gunduwa mafi kauri, wadda ke daidai kan rufin Hajiya. Muka ɗaure ta da kyau. Lawali ya ɗora inji, ya shiga kamar rabi, sai na ga tartsatsin wuta ya fito daga cikin itacen, da wata ƙara kamar an buga ƙarfe a maƙera. Sarƙar injin ta tsinke ta zabgo baya, ta yage masa hannun riga ta tsaga damtse. Injin ya yi tsalle, ƙafarsa ta zame, sai ga Lawali yana lilo a iska, igiyar ƙugunsa ta miƙe tana ƙara a gabana.

A ƙasa wani ya ce, "Masu ita ne." Kafin ka ce me, yawancin masu riƙon igiya sun saki sun yi zaure. Mushe Kyari bai saki ba, shi da wani mai shayi na bakin layin. Na ga Mushe ya kafa ƙafa a saiwa, ya naɗa igiyar a hannu. Gunduwar da aka yanke rabi ta sunkuya, ta yi ƙara, ta tsaya. Naɗin gindi ya riƙe.

Na ce, "Lawali, kana jina?"

Ya ce, "Ina ji, Baba Mutari. Hannun ne."

Na ce, "Saki injin. Kamo reshen da hannun mai lafiya."

Bai so ba, injin nan shi ne jarinsa, amma ya sake shi ya faɗa kan tarin ganye. Na ja, ya taimaka da ƙafa, har ya dawo ya zauna a inda rassa suka rabu. Ya yage sauran hannun rigar ya ɗaure damtsen da haƙori. Ciwon dogo ne amma bai yi zurfi ba.

Yanzu ga gunduwa a rataye kan ɗaki, inji ya mutu, mutum biyu kawai a igiya, hadari ya rufe rabin sama. Na sauko kan reshen na leƙa cikin yankan. Naman tsamiya a wurin ya yi baƙi ƙirin kamar an zuba tawada, kuma na san abin da ke yi wa itace haka. Na sa yatsa na taɓo abu mai sanyi. Na ɗaga murya yadda na zaure za su ji, na ce, "Ƙarfe ne a ciki. Tsohon ƙarfe ne itacen ya haɗiye. Ku dawo ku kama wa Mushe." Suka tsaya suna kallon juna. Hajiya ce daga zaure ta ce, "Ba ku ji ba? Ɗana kaɗai za ku bar wa?" Sai suka fito ɗaya bayan ɗaya suka kama.

Na sauke ƙaramin gatari daga kafaɗa. Na daɗe ban yi sara mai tsawo a sama ba, kafaɗun sun tsufa, kuma tsamiya ba ta da sauƙi. Na matsa kamar taƙi ɗaya daga ƙarfen zuwa wajen uwa, na fara ta ƙasa don kada ɓawo ya yage ya ja jikin itacen, sannan na koma ta sama. Iska tana kaɗa reshen, ina jira ya dawo in sara. Lawali daga inda yake zaune yana riƙe da igiyar ƙuguna da hannu ɗaya, yana gaya min in gunduwar ta motsa. Gumi ya cika min ido. Da na ji ƙarar ta sake, na san saura ƙiris, na ce wa na ƙasa su shirya, na ja jiki baya na ba ta sara na ƙarshe.

Ta rabu, ta yi lilo, ta juya a hankali a kan rufin. Na ce su saki kaɗan, su tsaya, su ƙara. Gefenta ya taɓa indararon ɗakin ya karya shi, ta wuce ta sauka tsakar gida, ƙasa ta amsa. Indararon nan shi ne duk ɓarnar da aka yi. Ragowar dungun da ke jikin uwa ba shi da nauyin da zai cuci kowa, na gyara bakinsa na sauko. Da ƙafata ta taɓa ƙasa sai na zauna a nan na jingina da gindin. Mushe ya buɗe hannayensa, igiya ta zuge su duka biyun, yana kallonsu yana dariya ƙasa-ƙasa.

Da numfashina ya dawo na ɗauki babban gatari na tsaga gunduwar. Sai ga ƙugiya ta ƙarfe, girman tafin hannu, da zobe a jikinta, irin aikin maƙeran da. Aka kai wa Hajiya. Ta jujjuya ta, ta kankare tsatsar da farce.

Sannan ta ce, "Ta sikelin kakana ce. A nan ake rataye shi a auna kanwa da fatu in ayari ya sauka. Ina yarinya bakinta kaɗai ya rage a waje, mukan ɗaura igiya mu yi lilo. Wallahi na manta da ita."

Dattijon nan da ya ja ni gefe ya matso ya duba, ya ce, "To, ashe abin da ya ɓalle gatarin mutumin nan ke nan." Sannan ya ƙara, "Amma dai sallamar da ka yi ba ta ɓaci ba." Na ce masa ni ma haka na gani.

Itace daga kai yake ƙara tsawo, abin da aka kafa a jikinsa yana nan inda aka kafa shi, nama ne kawai ke rufe shi shekara bayan shekara. Ƙusa, sarƙa, waya, duk mun sha samu, amma ba mu taɓa samun irin wannan ba. Lawali, ana wanke masa hannu da ruwan gishiri kafin a kai shi likita, ya ce daga yau ba ya ƙara yanka itacen tsakar gida sai ya zauna da wanda ya fi kowa tsufa a gidan ya tambaye shi abin da aka taɓa ratayawa a jiki. Kuma ya riƙe wannan.

Mushe ya tambaye ni ko tsamiyar za ta rayu da wannan babban rauni. Na ce tsamiya ba ta gaggawa, amma tana warkewa. Ta kuwa warke, ɓawo ya bi gefen yankan yana rufewa, har ta yi toho a wurin. Amma ran nan ba mu san haka ba tukuna. Abin da muka sani shi ne ɗaki yana tsaye, katanga tana tsaye, kowa da ya shigo gidan da ƙafarsa zai fita.

Sai ruwan ya sauko, manyan ɗigo da farko, sannan gaba ɗaya. Ni da Mushe da mai shayi muka tsaya a tsakar gida cikin ganye da gunduwoyi, babu wanda ya motsa, muna kallon iska tana kaɗa tsamiyar, babu abin da ke ƙara a jikinta. Hajiya ta riga ta sa an mayar da gadonta. Ta leƙo daga ƙofar ɗakinta, ƙugiyar tana hannunta, ta ce, "Ku shigo daga ruwan nan. Ita ta saba, ku ne za ku yi mura."